Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin Hausawa na Legas: kuɗin jama'a su daina kwana a asusun mutum ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu ciyamomi, sakatarori da ma'ajan ƙungiyoyinmu na Mile 12, Agege, Alaba Rago, Idi-Araba, Obalende da Kara, da iyayenmu mata masu riƙe da adashi a cikin unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni ɗanku ne, nine ke rubuta lissafin wata ƙaramar ƙungiyar masu albasa a Mile 12, kuma na zaɓi in yi maganar nan a fili ne saboda ba matsalar ƙungiyarmu kaɗai bace, duk inda na zauna da ƴan uwana masu riƙe littafi, na masu tumatur ne ko mahauta ko masu ɗinki ko direbobin Keke, labarin ɗaya ne. Idan akwai inda harshe ya yi kaifi dan Allah ayi min afuwa, damuwa ce tasa.

Maganar ita ce, kuɗin ƙungiyoyinmu sun riga sun koma cikin waya, amma tsarin da zai tsare su bai bi su can ba.

Babu wani taro da aka taɓa zama akace daga yau taransfa zamu riƙa yi, dole ce ta kaimu. Kowa ya tuna ƙarshen 2022 da Babban Bankin Najeriya a lokacin Godwin Emefiele ya canza fasalin naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su cigaba da aiki. A tsakanin nan mu muka san abinda muka gani, mota ta taso da tumatur daga Kadawa ko Ɗanja, ko albasa daga Aliero, ta kwana biyu a hanya, an sauke kaya, ga masu saye a tsaye amma babu tsabar kuɗi a hannun kowa, kuma kayan gwari basa jiran kowa, direba yana son kuɗin mota, lebura yana son kuɗin sauke, manomi yana can gida yana ta kira. Dattijon da ya rantse shi da banki har abada, a watan nan ya miƙa wa yaro waya yace a buɗe masa OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Da kuɗi suka dawo hannu kuma ba wanda ya koma tsohon yayi gaba ɗaya, saboda gaskiya an ɗanɗana sauƙin, ba ɗaure kuɗi a ƙugu, ba tsoron ƴan fashi a hanyar Arewa, ka tura wa iyali cefane kana zaune a rumfa.

To wannan duk alheri ne, bana jayayya. Amma ku zo ku ga yadda ranar zubi take a yawancin ƙungiyoyinmu yanzu. Ma'aji yana zaune a benci da wayarsa, alat yana ta shigowa, wannan na zubin mako ne, na bayansa cinikin buhu uku ne da yaronsa ya sayar, na bayan wancan ƙaninsa ne ya turo masa kuɗin makarantar yara, duk a asusu ɗaya, da sunansa, da lambarsa. Kamar ka zuba gero da dawa a buhu guda ne kace da yamma zaka rarrabe. Ni kuma ina gefe da littafi ina bin hotunan risit da mutane suka turo a WhatsApp, rabinsu ma sunan da ya fito ba na memba bane, saboda mutum ya je wajen mai POS ya bada kuɗi an tura masa, sunan mai POS ne zai bayyana, sai mu tsaya muna kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, wa ya turo dubu 20 da ƙarfe 11, mutum biyu suce nine. Wani ya turo risit ɗin makon jiya a matsayin na yau, wataƙila ma ba da gangan ba, hotunan ne suka cakuɗe masa. Wani taransfa ɗinsa ya maƙale, an cire a wajensa bai iso ba, sai bayan kwanaki ya koma masa shi kuma ya riga ya sa a ransa ya biya. Irin wannan ƙananan abubuwan ne ke haɗa mutanen da suka taso gari ɗaya, suka shigo Ikko a mota ɗaya, su daina gaisawa.

Bana zargin ma'aji ko ɗaya da cin amana, wallahi da yawansu daga aljihunsu suke cike giɓi don kar sunansu ya ɓaci, na gani da idona. Tausayinsu ma nake ji, mun ɗora musu kayan da bai kamata mutum ɗaya ya ɗauka ba.

Abin da yafi tsorata ni shine mutuwa, kuma dukkanmu masu tafiya ne. Idan Allah ya karɓi ran ma'aji yau, a idon banki da idon doka duk abinda ke cikin asusun nan dukiyarsa ce, banki bai san wata ƙungiya ba. Da zarar sun samu labari zasu tsayar da asusun, ba mai taɓa ko sisi sai an kawo takardun kotu na kula da dukiyar mamaci, magada kuma suna can gida, ga mata ga marayu, su basu san nawa ne na mahaifinsu nawa ne na jama'a ba, mu ma bamu da wata hujja sai littafin da bai gama daidaita da abinda ke waya ba. Sai a shiga halin da ko ƴan ƙungiya su haƙura da guminsu, ko a ci haƙƙin maraya, ko shi mamacin ya kwanta da nauyin mutane a kansa alhali bai ci kobo ba. Na san wata ƙungiya da hakan ya faru da ita, har yau basu sake haɗuwa ba, kuma mutumin kirki ne kowa ya shaida. Malamanmu kullum suna tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, akan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, to in bashin tsakanin mutum biyu an ce a rubuta, ina ga kuɗin mutum 50 ko 100?

Ko ba mutuwa ba, waya faɗuwa take, ana sace ta a cikin danfo ko a cunkoson bakin kasuwa, kuma wanda ya samu layinka ya san lambar sirrinka ya samu kuɗinka. Nawa ne cikin iyayenmu lambar sirrinsu ta wuce 1234 ko shekarar haihuwa? Nawa ne yaron shago ya san ta saboda shi ake miƙa wa waya ya tura? Akwai kuma wanda zai tafi gida noma ya bar layin a aljihun wata riga watanni, kamfanin waya kuma in layi ya daɗe ba'a amfani dashi yana da ikon karɓewa ya sayar wa wani, alat ɗin ƙungiya ya koma shiga wayar baƙo. Ga ƴan damfara masu kira suce daga banki ne a karanto musu lambar da aka turo, ga masu ƙwace WhatsApp ɗin mutum da lambobi 6 ɗin nan su shiga guruf da sunansa suce an canza asusu a tura nan. Da asusun da sunan ƙungiya yake, da irin wannan ƙaryar bata tafiya, don kowa zai ga sunan da ya fito kafin ya danna.

Don haka roƙona na farko, kuma shine babba: kowace ƙungiya mai tara kuɗin mutane ta yi rajista ta buɗe asusu da sunanta. Ba wani abu bane da ya fi ƙarfinmu. Akwai dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa tun 1993, a jihar Legas kuma ma'aikatar kasuwanci da ƙungiyoyin gama kai dake Alausa a Ikeja ce ke yin rajistar, har kwalejin koyar da harkar gama kai gwamnatin jihar ke da ita a Oko-Oba, nan Agege, kusa da mayankar da ƴan uwanmu mahauta ke wuni kullum. Maƙwabtanmu Yarabawa da nasu adashin da suke kira esusu da ajo, da ma'aikatan kamfanoni, sun daɗe suna cin moriyar wannan, suna da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu LASCOFED, suna sayen filaye suna raba wa membobi su biya a hankali, mu kuma da muke juya kuɗin da ya fi nasu a wasu wuraren muna nan da sunan Alhaji wane a matsayin asusu. In an samu takardar rajista sai a je banki a buɗe asusun da mutum uku ne masu sa hannu, kuɗi basa fita sai biyu sun amince, alat ya riƙa shiga wayar ciyaman da sakatare da ma'aji lokaci guda, ƙarshen wata a ciro bayanin shige da fice na asusun a karanta a gaban kowa. Wanda baya son harkar ruwa, kuma da yawanmu haka ne, akwai Jaiz tun 2012, akwai TAJ, akwai Lotus, duk suna da rassa a garin nan, wannan uzurin ya ƙare.

Na san abinda ake faɗa a bayan fage, ance in kayi rajista gwamnati ta ganka haraji zai biyo. Iyayena, wace rana ce bamu biya? Tikitin shiga, kuɗin sauke, kuɗin shara, abinda ake karɓa a hanya tun daga Jebba har Berger, ko taransfa ɗin nan da ta kai naira 10,000 akwai naira 50 ta gwamnati a kanta. Muna biya ta ko'ina, abinda bamu dashi shine takardar da ke nuna mu su waye. Ranar da aka zo tashin kasuwa ko rusau, ko ranar da aka hana okada a ƙananan hukumomi 6 na Legas a watan Yunin 2022 yaranmu suka rasa abin yi dare ɗaya, wa ya iya fitowa da jerin sunaye da lissafi yace ga mutanena ga jarinsu ga asarar da sukayi? Asusun LSETF na jihar Legas da aka kafa a 2016 yana bada rance ga ƙananan masu sana'a, kuma irin waɗannan wuraren abinda suke tambaya kenan, katin zama ɗan jiha na LASRRA, shaidar sana'a, da bayanin asusu da ke nuna kuɗi na shiga suna fita. Mutum yana juya miliyoyi a shekara amma a takarda babu shi.

Sannan a kula da inda ake ajiye kuɗin. Ƙaramin asusun nan na matakin farko da ake buɗewa a tsaye cikin minti biyar, ƙa'idar Babban Banki bata bashi damar riƙe fiye da naira 300,000 ba, shi yasa wani lokaci kuɗi ke maƙalewa mutum yayi ta zagin netwok. Kuma a tambaya ko wajen yana ƙarƙashin inshorar NDIC, don a 2024 an ɗaga abinda suke biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikirofainans, kuma a watan Yunin shekarar ne aka soke lasisin bankin Heritage, kenan ba tatsuniya bace. Ƙungiyar da kuɗinta suka haura haka ta raba su gida biyu.

Na biyu, littafi. Ban ce a jefar da littafin takarda ba, kar wani yaro ya zo ya ruɗe ku da cewa komai sai a kwamfuta. Littafi ya zauna, shine dattawa ke iya dubawa su gamsu. Amma littafi ɗaya a cikin akwatin rumfa, a garin da gobarar kasuwa da ambaliya ba baƙin abu bane, ganganci ne. Mafi ƙanƙantar abu, duk ranar zubi bayan an rufe shafi a ɗauki hotonsa a tura guruf, shikenan kowa ya zama shaida. Wanda ke da yaro mai ɗan ilimi ya shigar da sunaye a Google Sheets ko Excel, kyauta ne a waya, suna, ranar zubi, nawa, wa ya kwasa, wa ake bi. Kowane memba a bashi lamba, in zai tura kuɗi ko ta wajen mai POS ne ya sa a rubuta lambarsa a wajen bayani, wannan kaɗai zai kashe rabin rigimar da muke yi. Kuma guruf ɗin kuɗi ya zama na kuɗi kawai, banda wa'azi banda siyasa banda barka da Juma'a, waɗannan a buɗe musu nasu, don risit ɗin mutum kar ya nutse a ƙarƙashin bidiyo 40. Sakatare ya yi saƙon murya da Hausa ƙarshen mako ya karanto lissafi, saboda ba kowa ke karatun boko ba kuma wanda bai iya ba shima kuɗinsa ne a ciki.

Anan zan ɗan tsaya akan iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata, saboda su aka fi bari a baya kuma su suka fi riƙon amana. Mai tuwo a Agege, mai fura, mai awara da ƙosai, mai kitso, mai saida atamfa a cikin gida, adashinsu baya fashi, amma da yawansu basu da asusun kansu, na miji ne ko na ɗa ko na mai POS ɗin bakin layi. Ranar kwasa kuɗin mace ya faɗa wayar wani, sai yadda yayi da ita, wani ya bata cif, wani yace bari in ɗan juya zuwa jibi. Abinda ke hana su ba ƙiwuya bace, yawanci takardu ne, babu NIN, ko akwai amma sunan da ke jikinsa daban da na BVN, nan an rubuta Hauwa can an rubuta Kulu, shekarar haihuwa ma ta bambanta, in ta je gyara a ce ta dawo, Turanci ake mata ko Yarbanci, ga yara ga tukunya a wuta, sai ta haƙura. Wannan aikin shugabanni ne. Ƙungiya tana iya haɗa sunayen mata 30 ko 50 ta nemi a turo ma'aikata su zo unguwa, a samu ɗaliba mace ta zauna dasu ta cike musu, a koya musu tura kuɗi da ƙaramar waya ma ta lambobin nan na banki masu tauraro, ba sai mai shafawa ba, ba sai da data ba. Tunda aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 data ta ƙara tsada, duk tsarin da zai tilasta wa mai ƙosai sayen babbar waya ba namu bane.

Wani abu da nake roƙo da babbar murya, kar son cigaba ya kaimu ga miƙa kuɗin jama'a ga duk wanda ya zo da manhaja mai kyalli. MMM mai alkawarin ninka kuɗi ta tafi da kuɗin mutane a Disambar 2016, irinta CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma a duka biyun akwai waɗanda ba kuɗinsu suka saka ba, na amana ne, da niyyar su ninka su mayar kafin a sani. Asusu mai sa hannun mutum biyu yana kare ma'aji daga wannan jarrabawar ma. A rubuta a dokar ƙungiya cewa ba'a saka kuɗi a ko'ina sai taro ya amince. Haka masu zuwa suce zasu gina mana manhaja ta musamman a biya su kuɗi masu yawa, a bari tukuna, ƙungiyar da bata gama daidaita littafinta ba manhaja ba abinda zata ƙara mata sai ruɗani. Masu tattara sunaye da NIN da BVN da sunan tallafi kuma a tambaye su daga ina, me za'ayi da bayanan, akwai dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kar shugaba ya tattara sirrin mutanensa ya miƙa wa wanda bai sani ba don kawai an ce akwai rabo.

Na san wasu iyayenmu abinda ke ransu shine in komai ya koma waya yara zasu ƙwace ragama. Ba haka bane ranku ya daɗe. Ku kuka san wa za'a ba bashi ya biya, ku kuka san wanda kayansa suka ruɓe da gaske da wanda ke fakewa, ku ake jin kunya, babu wayar da zata yi wannan. Mu aikinmu rubutu da dannawa, hukunci naku ne. Amma ku bamu wuri a hukumance, a zaɓi matashi ɗaya ko biyu a kowace ƙungiya a matsayin mataimakin sakatare, a san shi, a ɗan bashi na sabulu, a kuma iya tuhumarsa in yayi ba daidai ba, ya fi yadda ake yi yanzu da kowane yaro da ke kusa ake miƙa masa waya da lambar sirri. Muna da yara a Agege da Idi-Araba da suka gama sakandare har da jami'a suna zaune, wasu sune ke POS ɗin ma. Ku kuma ƴan uwana matasa, in an bamu a riƙe da tsoron Allah, a daina yiwa dattijo dariya don ya tambayi abu sau uku, a zauna a nuna masa har ya iya duba kuɗinsa da kansa.

Ina roƙon masu girma sarakunan Hausawa na unguwanninmu da shugabannin kasuwa su sa wannan magana a ajandar zama na gaba, a kira ma'ajai da sakatarori na ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinku, kowa ya faɗi da sunan wa asusunsu yake da kuma mutum nawa ke ganin alat. A wakilta mutum biyu ko uku su je Alausa su karɓo sharuɗɗan rajista a rubuce, a fassara su da Hausa a karanta a masallatan kasuwa bayan la'asar, a kuma gayyaci malami ɗaya ya yi bayanin hukuncin kuɗin amana idan mai riƙe dasu ya rasu. Ni da wasu abokaina masu riƙe littafi a shirye muke mu zagaya ƙungiya ƙungiya ranar da kasuwa ta yi sauƙi mu nuna yadda ake jera sunaye da lambobi, ba ma buƙatar a biya mu, a sanar ta bakin shugaban kasuwa kawai zamu zo.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya albarkaci kasuwanninmu.

Naku,
ɗanku mai rubuta lissafin wata ƙungiyar masu albasa,
Mile 12, Legas.